Yadda iyayen da suka yi ƙaura za su bi karatun ɗa namiji da 'ya mace a makarantar sabuwar ƙasa

A ƙarshen zangon karatu na biyu ko na uku bayan iyali sun sauka a wata ƙasa, takardun sakamako biyu kan iso gida rana ɗaya. Ta yarinya cike take da yabo: tana da natsuwa, tana kawo aikinta a kan lokaci, harshen ƙasar ya fara zama a bakinta. Ta wanta ko ƙanenta kuwa takan zo da jimla irin ta "zai iya fin haka idan ya mai da hankali", da lissafin ranakun da ya makara, wani lokaci har da wasiƙar da ke neman uba ya zo ofishin shugaban makaranta. Uwa da uba sukan dubi takardun su yanke hukunci nan take, cewa yarinya ba ta da wata damuwa, yaro kuma ya fara taurin kai. Irin wannan hukunci bai cika kaiwa ga gaskiyar lamarin ba, domin ko da a gini ɗaya yaran ke karatu, kuma mota ɗaya ke kai su, abin da makaranta ke yi wa kowannensu da abin da gida ke ɗora masa sun bambanta ƙwarai, kuma kasancewar wannan namiji ne waccan mace ce yana cikin manyan dalilan bambancin.

Masana sun daɗe da lura da haka. Tun daga 1997, Carola Suárez-Orozco da Marcelo Suárez-Orozco, a lokacin suna Jami'ar Harvard, sun bi yara baƙi kimanin 400 har tsawon shekara biyar a yankunan Boston da San Francisco, yaran da suka fito daga Sin, Haiti, Meksiko, Jamhuriyar Dominika da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Makin fiye da rabinsu ya yi ƙasa a cikin waɗannan shekaru, amma na maza ya fi faɗuwa, kuma mazan ne suka fi jin cewa ba su da wani babba a makaranta da za su kai wa kukansu. Wani binciken da Alejandro Portes da Rubén Rumbaut suka fara a 1992, da ɗalibai fiye da 5,000 'ya'yan baƙi a San Diego da yankin Miami, ya nuna ɗaya fuskar al'amarin: 'yan mata sun fi samun maki, amma kuma su ne suka fi nuna alamun ƙuncin rai da raina kai. Ke nan kyawun makin yarinya na iya lulluɓe nauyin da take ɗauke da shi, sakewar da aka ba yaro kuma na iya lulluɓe cewa an bar shi shi kaɗai ne a inda bai sani ba.

Makonnin farko

Abu na farko shi ne ku sa yaran duka a makaranta lokaci ɗaya, kada a ce babbar yarinya ta ɗan jira har uwa ta saba da gari, kada kuma a ce babban yaro ya ɗan taɓa aiki tukuna har gida ya tsaya da ƙafarsa. Jinkirin da aka yi da niyyar wata biyu shi ne kan zama shekara, kuma yaron da ya shiga makarantar sabuwar ƙasa yana da shekara 15 ba shi da shekarar da zai yi asara. Sashe na 28 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ba kowane yaro haƙƙin ilimi. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1982, a shari'ar Plyler da Doe, cewa ba za a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardun zama ba. A Jamus da Ingila kuwa ana iya cin iyaye tara idan yaron da ke makaranta yana fashi ba da izini ba. Inda babu irin wannan tilas, 'yan mata ne kan fara zubewa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2018 cewa a wasu ƙasashen da ke karɓar 'yan gudun hijira da yawa, damar yarinya ta shiga sakandare kusan rabin ta namiji ce.

Abu na biyu shi ne ku tambayi shekarar da ake raba ɗalibai zuwa makarantu daban-daban bisa ƙoƙarinsu, domin a wasu ƙasashen rabon kan zo da wuri fiye da yadda baƙo ke zato. A mafi yawan jihohin Jamus bayan aji huɗu na firamare ake yinsa, wato yaro yana da kimanin shekara 10, sai a Berlin da Brandenburg da ake kaiwa aji shida. A Holan kuwa a wajen shekara 12 ne, kuma shawarar malamin aji tana da nauyi sosai. Haɗa wannan da abin da Jim Cummins, masanin koyon harshe a Kanada, ya nuna: yaro baƙo kan iya hira da abokai da sabon harshe cikin kimanin shekara biyu, amma harshen littafi da na amsa jarrabawa kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo 'yan ƙasa. Idan rabon ya riski yaro a tsakiyar wannan tafiya, malami zai auna shi da ɗabi'arsa a aji fiye da abin da ke cikin kansa, kuma a irin wannan awo yarinya mai shiru da tsabtar rubutu tana da rinjaye a kan yaro mai yawan motsi. Saboda haka ku nemi a ci gaba da ba kowannensu darasin ƙarin harshe ko da kun ji bakinsa ya buɗe, ku kuma tambayi ko ana iya sauya makaranta daga baya da sharuɗɗan sauyin.

Ku ƙirga sa'o'in gida

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma ba ya bukatar kuɗi ko sanin harshen ƙasar. Ku ɗauki takarda ku ja layi a tsakiya, sunan ɗa a gefe ɗaya, sunan 'ya a ɗaya gefen, sannan har tsawon mako guda ku riƙa rubuta abin da kowannensu ya yi tun daga dawowarsa makaranta har ya kwanta. A rubuta wanke-wanke, rainon ƙanne, ɗauko ƙaramin yaro daga makarantarsa, aike, karanta wa uba wasiƙar hukuma, amsa waya a madadin uwa, kallon talabijin, wasa a waje, da lokacin da aka zauna a kan aikin makaranta. A ƙarshen mako ku haɗa lissafin tare da yaran a zaune. A gidaje da yawa abin da takardar ke nunawa shi ne sa'o'in yarinya duk suna da suna, an san inda kowace ta tafi, na yaro kuma akwai sa'a uku ko huɗu a kullum da babu wanda zai iya cewa ga inda yake ko ga abin da ya yi.

Hidimar da ta fi ɓoyuwa a wannan lissafi ita ce ta tafinta. Da yake yara kan riga iyaye kama harshe, su ne kan zama bakin gida a asibiti, a banki, a ofishin shige da fice da wajen mai gidan haya. Binciken da Abel Valenzuela ya wallafa a 1999 kan iyalan da suka fito daga Meksiko suka zauna a Los Angeles ya nuna cewa 'yan mata ne suka fi ɗaukar irin waɗannan ayyuka. Ku dubi yarinya 'yar shekara 13 da aka ɗauke daga makaranta ranar gwajin lissafi domin ta raka mahaifiyarta ganin likita. Tana tsaye tsakanin manya biyu, likita ya faɗi sunan wata cuta da ba ta taɓa ji ba ko da a harshensu, ya kuma yi tambayar da a gida ba a yin irinta a gaban yara. Ta dubi fuskar mahaifiyarta ta ga tsoro, sai ta sassauta maganar ta ce, "Mama, ya ce babu komai, magani kawai za a sha." Ta koma gida da sirrin da ya fi ƙarfin shekarunta, da fargabar ko ta fassara adadin ƙwayar daidai, washegari kuma ta tarar an rubuta mata fashi. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da zai fito a takardar sakamako.

Gyaran yana da sassa uku. A harkar lafiya, shari'a, bashi da duk wani taro da ya shafi yaron da kansa, ku nemi babban tafinta tun lokacin da ake ba ku ranar zuwa, domin asibitoci da makarantu da yawa suna da wannan tanadi ga wanda ya tambaya, ko da ta waya ne. A ƙananan abubuwa, kamar karanta takardar kuɗin wuta ko tambayar hanya, ku riƙa yin karɓa-karɓa tsakanin ɗa da 'ya, domin tafinta a kan abin da bai fi ƙarfin yaro ba tana ƙara masa harshe da ƙwarin gwiwa, kuma bai kamata a hana namiji wannan amfani ba. Sannan ku yanke sa'a ɗaya ko biyu a kowace yamma da ba a aiken kowa a cikinta, ba a miƙa wa kowa jariri, kowa na kan littafinsa. Idan hidimar gida ta yi yawa har ba za a iya hakan ba, to a raba ta, namiji ya ɗauki kasonsa na wanke kwanuka da kula da ƙanne. Wasu iyaye maza kan ji nauyin wannan, amma a ƙasar da babu dangi kusa da za su tallafa, idan ba a raba aikin ba yarinya ɗaya ce za ta maye gurbin dangin gaba ɗaya.

Tsaron yarinya da abin da yake ci

Iyayen da suka zo baƙuwar ƙasa sukan ƙara matsa tsaro a kan 'ya mace, kuma tsoronsu yana da tushe. Tsaron ma yana da ribarsa a fannin karatu. Min Zhou da Carl Bankston, da suka yi nazarin 'ya'yan 'yan Biyetnam a New Orleans a shekarun 1990, sun ga cewa sa idon da iyaye da al'umma ke yi wa 'yan mata yana cikin abin da ya sa suke daɗewa a kan littafi suna kuma fin maza maki. Sai dai makaranta a ƙasashe da yawa ba a aji kaɗai take ba. Ƙungiyar muhawara, ƙungiyar kimiyya, wasanni, zaman ɗakin karatu bayan an tashi, ziyarar gidan tarihi da tafiyar kwana biyu ta 'yan aji, a nan ne ake yin abokai 'yan ƙasa, a nan malami ke sanin ɗalibi sanin da zai sa ya rubuta masa takardar shaida mai kyau, a nan kuma ake jin labarin tallafin karatu da guraben koyon aiki. Yarinyar da dole ta kasance a gida minti 20 bayan an kaɗa ƙararrawa za ta iya zama ta ɗaya a aji, ta gama makaranta babu wanda ya san ta.

Saboda haka kada "a'a" ta zama amsar farko idan ta kawo takardar neman izini. Ku mai da tsoronku tambayoyi, ku kai su makaranta: malamai nawa ne za su raka yaran, akwai mace a cikinsu, ina za a kwana, ɗakunan maza da na mata a rabe suke, ƙarfe nawa za a dawo, wace lamba za a kira. Malamai sun saba da waɗannan tambayoyi, kuma sau da yawa suna maraba da uwa ko uba da ke son raka 'yan aji. Idan bayan haka hankalinku bai kwanta da tafiyar kwana ba, ku amince da ta yini, ku kuma gaya wa yarinya dalilinku a fili. Abin da ya fi yi wa 'yan mata ciwo shi ne su ga an hana su abin da aka bar ɗan'uwansu ya yi ba tare da ko tambaya ba, kuma yarinyar da ta tabbata cewa amsa kullum "a'a" ce takan daina kawo takardar, daga nan kuma ta koyi rayuwa biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta waje.

Batun sutura da wasannin motsa jiki yana bukatar ku san dokar inda kuke tun kafin ranar farko, domin ƙasashe sun sha bamban. Faransa ta kafa doka a watan Maris na 2004 da ta hana sanya alamun addini bayyanannu, har da ɗankwali na addini, a makarantun firamare da sakandare na gwamnati, a 2023 kuma aka haɗa da abaya, amma dokar ba ta shafi jami'o'i ba. A Ingila kowace makaranta ce ke tsara tufafinta, tana kuma ƙarƙashin Dokar Daidaito ta 2010 da ta hana wariya saboda addini, jinsi ko launin fata. Game da darasin iyo da ake haɗa maza da mata, babbar kotun harkokin mulki ta Jamus ta yanke a 2013 cewa ɗaliba za ta halarta tunda tana iya sa rigar iyo mai rufe jiki, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai kuma ta goyi bayan hukumomin Basel na Siwizalan a irin wannan ƙara a watan Janairun 2017. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne neman a cire yarinya daga darasi gaba ɗaya ba ya cika yin nasara, amma neman sauƙi, kamar riga mai rufe jiki, dogon wando a filin wasa da keɓantaccen wurin sauya kaya, yakan samu karɓuwa. Duk abin da kuka yanke, ku tuna cewa yarinyar ce ke shiga aji da shi a jikinta kowace safiya, ita ake kallo kuma ita ake tambaya, don haka ku zauna da ita ku shirya amsar da za ta bayar, ku kuma gaya mata wanda za ta kai wa ƙara idan tambaya ta zama tsangwama.

Uwa ta yi wa 'yarta bayanin jinin al'ada kafin ya zo, ta kuma nuna mata inda za ta sami audugar mata a makaranta da kalmar da za ta faɗa da harshen ƙasar. A Ingila makarantun gwamnati sun fara samun wannan kaya kyauta tun Janairun 2020, Sikotilan kuma ta mai da samar da shi kyauta doka. Idan kun ga fashin yarinya yana maimaituwa a kwanaki iri ɗaya kowane wata, ga inda za ku fara dubawa. Ku kuma sa ido kan alamun da ba sa yin ƙara: ciwon kai ko ciwon ciki da safe wanda likita bai ga dalilinsa ba, rashin barci, kuka a kan maki 8 cikin 10, da rashin ambaton sunan ko ƙawa ɗaya bayan wata shida. Malamin da ke da ɗalibai 30 ba zai kira ku a kan yarinyar da ba ta damun kowa ba.

Yaron da aka saka

Namiji kuwa akasin haka ke samunsa. Ana cewa ai namiji ne, zai iya, sai a bar shi ya fita ya san gari, alhali garin da zai sani shi ne unguwar da ƙarfin aljihun baƙo ya iya kama haya a cikinta, abokan da za su fara karɓarsa kuma ba lallai ne su zama masu son makaranta ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A cikin aji ma yana fama da abin da ba zai faɗa ba. Ranar da malama ta ce ya karanta a bayyane, ya yi tuntuɓe a kalma ta uku, 'yan bayan aji suka kwaikwayi lafazinsa aka yi dariya, a ranar ya yanke shawarar da iyayensa ba su sani ba: ya gwammace a kira shi fitinanne da a kira shi daƙiƙi. Daga nan sai ya koma kujerar baya, ya daina ɗaga hannu, ya riƙa cewa ya manta littafi a gida. Mafi yawan abin da ake rubutawa a matsayin rashin ladabi a shekarar farko da ta biyu daga irin wannan rana yake farawa. A gwajin ɗalibai na ƙasa da ƙasa mai suna PISA na 2018, da aka yi wa 'yan shekara 15, mata sun fi maza a karatu da fahimta a duk ƙasashen da suka shiga, da tazarar kusan maki 30 a matsakaicin ƙasashen ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD. Yaro baƙo yana ɗauke da wannan giɓi, ga kuma na sabon harshe a kansa.

Hukuncin makaranta ma ya fi sauka a kan maza. A Ingila adadin mazan da ake kora daga makaranta gaba ɗaya ya ninka na mata fiye da sau biyu. Binciken da Phillip Goff da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2014 ya nuna cewa ana yawan ɗaukar yara maza baƙar fata a matsayin waɗanda suka girmi shekarunsu, ana kuma ganin sun fi cancantar zargi. Ga kuma saɓanin fahimta: yaron da aka tarbiyyantar da ya sunkuyar da kai idan babba na yi masa faɗa zai gamu da malamin da ke ganin ƙin haɗa ido raini ne ko alamar rashin gaskiya. Ku koya wa ɗanku wannan bambanci a gida, ku kuma bayyana wa malaminsa tun kafin wani abu ya faru.

Idan wasiƙar dakatarwa ta zo, kada ku fara da duka ko faɗa, kada kuma ku fara da zargin makaranta da wariya. Ku zaunar da yaro ku ji labarin daga bakinsa tun daga abin da ya faru kafin laifin, domin naushin da malami ya gani sau da yawa yana da makonni na zagi a bayansa. Sannan ku nemi makaranta ta ba ku bayaninta a rubuce, ku tambayi dokar da aka karya, da hukuncin da aka yi wa sauran waɗanda abin ya shafa, da yadda yaro zai sami aikin aji a kwanakin da yake gida, da hanyar ɗaukaka ƙara da wa'adinta. A Ingila, misali, iyaye na da damar kai kokensu gaban hukumar gudanarwar makarantar, idan kora ce ta dindindin kuma akwai kwamitin bita mai zaman kansa. Idan yaro ne da laifi ya karɓi hukuncinsa, amma ya ga cewa an saurare shi kafin a yanke.

Maganin da ya fi tasiri kuwa tun kafin wasiƙa ake nemansa. Lokacin dawowa gida ya zama ɗaya ga ɗa da 'ya, ku san sunayen abokansa da fuskokinsu, ku bar su su shigo gidanku domin ku gan su. Ku nema masa babban mutum guda ɗaya a makaranta ko kusa da ita, mai horar da 'yan ƙwallo, malamin kimiyya ko mai kula da ɗakin karatu, wanda zai lura idan bai zo ba. Ku ba shi abin karantawa a kan abin da yake so, ko labarin ƙwallo ne ko na injuna, ya riƙa karanta muku a bayyane a gida inda babu mai yi masa dariya. Idan ya kai shekarun da doka ta yarda ya yi aiki, ku taƙaita shi ga ƙarshen mako da hutu, kada kuma a jingina kuɗin haya ko abin da ake aikawa dangi a kan albashinsa, domin yaron da ya ga gida na jiran kuɗinsa ba zai daɗe yana ganin amfanin zama a aji ba. Ina kuma roƙon iyaye maza musamman: kada ranar rigima ta zama ita ce kaɗai ranar da ɗanku zai ga ƙafarku a makarantarsa.

Taron iyaye da malamai

Minti goma ake ba kowane iyali a irin wannan taro, wani lokaci ma bai kai ba, saboda haka ku je da tambayoyinku a rubuce, uwa da uba tare idan zai yiwu, kuma kada ɗalibin ya zama shi ne tafinta. Idan malama ta ce yarinya "ba ta da matsala", ku gode mata sannan ku ce, "Malama, tana ɗaga hannu ta yi tambaya? Da wa take zama lokacin cin abinci? Aikin da ake ba ta yana ƙure ta, ko ya yi mata sauƙi?" Idan malami ya fara jero laifuffukan yaro, ku saurara har ya gama, sannan ku ce, "Malam, a wane darasi ne hakan ya fi faruwa, kuma a wane ne ba ya faruwa? A wane mataki karatunsa yake idan aka gwada da 'yan ajinsu? Me ka ga ya iya?" Yaron da ke natsuwa a lissafi ya yi fitina a tarihi yana gaya muku cewa harshe ne ke ba shi wuya. Kafin ku tashi ku tsayar da abu ɗaya da makaranta za ta yi, ɗaya da gida zai yi, da ranar da za a sake magana.

Harshen gida da zaɓin gaba

Portes da Rumbaut sun gano cewa yaran da suka riƙe harshen iyayensu da kyau tare da ƙwarewa a Ingilishi sun fi samun daidaito da iyayensu da kuma ganin ƙimar kansu, kuma 'yan mata ne suka fi kasancewa a wannan rukuni. Ba abin mamaki ba ne, tunda su ne ke gida. Namiji kan riga 'yar'uwarsa sakin harshen, sai a wayi gari yana da shekara 15, lokacin da ya fi bukatar doguwar magana da mahaifinsa, babu harshen da su biyun suka iya sosai har su yi ta. Ku riƙa yi masa hira da harshenku a kan abubuwa masu nauyi, ba umarni kaɗai ba, ku kuma sa shi cikin kiran wayar da ake yi wa kakanni.

A wajen zaɓin darussa, wanda a Ingila kan zo a shekara 13 zuwa 14, ku lura da hanyar da ake nuna wa kowannensu. Ana yawan karkata 'yan mata baƙi zuwa aikin jinya da rainon yara, maza kuma zuwa sana'ar hannu, kuma duka ayyuka ne masu daraja idan yaro ne ya zaɓa bayan ya ga sauran ƙofofin. Tambayar da za ku yi wa mai ba ɗalibai shawara ita ce wace ƙofa ce za ta rufe idan aka ajiye wannan darasi, domin wanda ya bar ilimin sinadarai da wuri, misali, ya wahalar wa kansa da hanyar likitanci. Idan kuma yarinya na da makin shiga jami'ar da ke wani gari, kada ku bar maganar har takardar gurbi ta iso. Ku fara ta shekara biyu kafin lokacin, ku je ranar da jami'ar ke buɗe ƙofa ga baƙi, ku ga ɗakunan kwanan ɗalibai mata da idonku, ku tambayi yadda ake tsaron ginin da dare da kuɗin motar zuwa gida a ƙarshen mako, sannan ku yanke shawara tare da ita.